Lambun Gidan Mai Daɓe

A unguwar nan babu tsakar gidan da Mai Daɓe bai shafe da siminti ba. Shekara goma sha huɗu yana bin gidaje da cokalin gini da katakon lailaya, kuma wa'azinsa bai taɓa canzawa ba: ƙasa a tsakar gida alamar rashi ce. In an yi ruwa caɓi, in an yi rana ƙura. Inda ya tarar da bishiya sai ya girgiza kai ya ce saiwarta tana cin tushen gini a ɓoye, kafin mako ya zagayo an sare ta. Aikinsa kuwa babu ha'inci, daɓe ne da jikoki za su gada.

Gida ɗaya tak ya rage da ƙasarsa, shi ne nasa.

"Baban yara, wai mu laifin me muka yi?" in ji matarsa duk sanda santsi ya kusa kayar da ita a bakin famfo.

"Bari in gama aikin da ke hannuna."

Aikin da ke hannunsa bai taɓa ƙarewa ba.

Shekarar da kayan miya suka yi tashin gwauron zabo, har aka koma yanka tumatir ɗaya gida biyu, ƙungiyar unguwa ta gayyato wata malamar gona ta koya wa mutane lambun bayan gida. Ranar Asabar da hantsi aka taru a ajin firamare. Manya-manyan magidanta suka cusa kansu a bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Mai Daɓe ya je ne don kada a ce bai je ba, ya zauna can baya kusa da taga.

Malamar yarinya ce ƙarama, mai fara'a, takalminta duk laka. Ta yi bayanin iri da taki da ban ruwa, sannan ta ajiye alli.

"To, wa yake da ƙasa a gidansa? Ko da faɗin tabarma ne."

Babu wanda ya ɗaga hannu. Can Tela, maɗinkin unguwar, ya miƙe.

"Malama, ai mu nan mun waye tuntuni. Ga wanda ya wayar da mu can a baya."

Aka kwashe da dariya. Direba, wani tsoho da ya ajiye tuƙin babbar mota, ya ƙara da cewa, "Amma fa shi gidansa ƙasa ce zalla, ko cokali ɗaya na siminti bai zuba ba."

Mai Daɓe ya sha jinin jikinsa, ya fara auna tagar ko za ta ɗauke shi. Sai ya ga fuskar Malama ta washe.

"Baba, kai magini ne, siminti a hannunka, amma ka bar wa iyalinka ƙasa? Gaskiya ka yi hangen nesa. In ka yarda, a gidanka za mu yi lambun gwaji, kowa ya koya."

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya miƙe a hankali, ya gyara murya.

"'Yata, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yarda."

Daga ɓangaren mata aka ji wani ɗan tsaki. Bai waiga ba, ya san mai shi.

"Hangen nesa ko?" in ji matarsa da suka koma gida. "Ni da nake share hangen nesan nan safe da yamma, bayana ya sani."

"Ke dai ba kya son a yabi mijinki."

Ya faɗa ne da ƙarfi, amma akwai abin da shi kaɗai ya sani. Duk shekarun nan, ɓaraguzan da ya kwaso daga wuraren aiki a tsakar gidan yake jibge su, wai ciko ne kafin ranar daɓe. Ƙasa ta bi ta rufe su, ciyawa ta fito a kai. Ya lallashi kansa da cewa alayyafo ba rijiya ba ne, sama-sama za a kafta. Ya kuma yi wani tunani mai daɗi: in lambu ya karɓu, duk daɓen da ya yi a unguwar nan sai an fasa, kuma wa zai fasa in ba wanda ya zuba ba? A makon nan ya wasa kurfinsa na fasa siminti, ya sake wa guduma ƙota.

Asabar ta zagayo, unguwa ta cika masa gida da fartanya da shebur. Malama ta ja igiya ta fitar da kunya huɗu. Direba ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga diga ya sauke.

Ƙwal! Har da tartsatsin wuta.

"Kai! Dutse ka shuka ne, Mai Daɓe?"

Aka sake sara gefe, ƙwal. Aka matsa gaba, ƙwal. Sai ga rabin bulo ya fito, sai guntun rodi, sai fasasshen bututu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin kullum ƙara zurfi yake. Tela ya sunkuya ya zaro wani abu, ya goge shi da bakin rigarsa, ya ɗaga sama.

"Wannan shuɗin tayil ɗin fa? Ba shi ne ka ce mini ya ƙare ba, har yau bayan ƙofar banɗakina tsirara yake?"

"Haba Tela, irinsa nawa ne a kasuwa?"

"Da ɗigon koren fentin ɗakina a jiki?"

Mai Magani, wanda ke da shagon magunguna a bakin titi, ya tsinci kan famfonsa da aka ce masa ya lalace an jefar. Ya murɗa shi, ya ga lafiyarsa lau, ya jefa a aljihu. Matar gidan kuwa tana zagayawa da ruwan sanyi, fuskarta sai ƙyalli take, rabon da mijin ya ga ta yi irin wannan fara'a har ya manta.

"Sannunku da aiki," take cewa. "Ku ƙara zurfi, hangen nesan yana can ƙasa."

Kafin azahar tarin ɓaraguzai ya kai ƙugu. Mai Daɓe ya tsaya a gefensa yana jiran Malama ta tattara igiyarta ta tafi. Ita kuwa ta tsuguna tana juya guntayen tayil da tsakuwa a hannu.

"Madalla! Abin da nake tunanin inda za mu samo ke nan. Ku kawo buhun nan."

Ta huhhuda buhu, ta zuba guntayen a ƙasansa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, ta cika shi da ƙasa haɗe da taki, ta dasa tumatir a sama, ta soke yabanyar alayyafo a hudojin gefe.

"Kun gani? Wannan a kan siminti zai zauna, ya yi 'ya'ya. Kada wanda ya fasa daɓensa, asara ce. Ɓawon kayan miya da tokar murhu kada a zubar, a tara a rami su zama taki. Ruwan da aka wanke ganye da shi, a ba shuka. Ku gode wa Baba da ya tanadar muku wannan."

Aka tafa masa. Ya ɗaga hannu yana karɓa, zuciyarsa tana can wajen gudumar da ya sake wa ƙota a banza. Mutane suka yi layi da bokitai, kowa ya ɗebi rabonsa na ɓaraguzai yana godiya, Tela ya zaɓi shuɗaye. Kafin la'asar an kwashe masa sharar shekara goma sha huɗu kyauta.

Wata uku bayan nan unguwa ta canza kama. Buhuna da tsofaffin bokitai sun jeru a kan daɓe, kuɓewa tana leƙen katanga. Na Direba sun mutu sau biyu saboda yawan ruwa, sai a karo na uku ya yarda shuka ba lagireton mota ba ce. Amma babu lambun da ya kama ƙafar na gidan Mai Daɓe, kuma kowa ya san hannun da ya yi shi. Ita ke tashi ta juya taki, ita ke tsince tsutsa daga bayan ganye, ita mata ke zuwa wa da tambaya da ƙunshin iri a bakin zane. Shi aikinsa tarbar baƙi.

Wata rana Malama ta kawo mutanen wata unguwa su gani da idonsu. Mai Daɓe ya saka kayansa na fita, ya tsaya a tsakiyar kunyoyi yana jawabi, yana nuna attarugu yana kiransa tattasai.

"Sirrin lambu," ya ce, "shi ne kada ka raga wa ciyawa. Kun ga irin wannan?"

Ya sunkuya ya damƙi wani lallausan ganye siriri, ya tumɓuke cikin hannu guda, ya ɗaga musu. A ƙasan ganyen wasu 'yan jajayen saiwoyi suna reto, kowanne kamar ɗan yatsa.

"Karas ɗina!" Matar ta dafe ƙirji.

Baƙi suka dubi juna. Malama ta yi tari, ta matso da sauri.

"Abin da Baba yake nuna muku shi ne ragi. In shuka ta yi cunkoso sai a cire wasu, sauran su sami sarari su yi kauri."

Baƙi suka sunkuya suna rubutawa. Wani ma ya ɗauki hoton hannun Mai Daɓe da karas ɗin.

Da aka watse, matar ta karɓe karas ɗin daga hannunsa, ta ɗora masa bokiti biyu a madadinsu.

"Baban yara, daga yau iyakarka bakin famfo zuwa bakin kunya. Ka zuba a gindi, kada ka taɓa ganye ko ɗaya."

"Haba, ni fa ne..."

"Na sani, kai ne. Fara da kuɓewa, tun safe take jiranka."

Ya naɗe hannun rigarsa ta fita, ya nufi famfo.