Rabin Bulo a Bakin Ƙofa

"Ina ƙofar?" Baba Marubuci ya katse ni.

"Wace ƙofa, Baba? Barkwancin da na rubuta na zo karanta maka."

"Barkwanci ai ko a tasha sai ki cika buhu. Mutanen wasanki suna zaune kamar masu jiran likita. Wa zai shigo musu?"

Ɗakinsa yana kallon nawa a saman bene. A zamaninsa shi ya rubuta wasan ban dariya na talabijin da iyayenmu suke barin girki ya ƙone saboda shi, ni kuwa na cinye littattafai ina mafarkin rubuta irinsa. A wasan akwai wata maƙwabciya, Uwar Aro, mai faɗowa falo babu sallama, kullum da abin da za ta ara.

"Ba maganarta ke ba mutane dariya ba," in ji shi. "Ƙofa na motsi suke farawa. Sun san tana tafe. Ɗan Adam, 'yata, yana son ya san wani yana tafe."

Tasa ƙofar a buɗe take, ya tokare ta da rabin bulo tun rasuwar matarsa. 'Ya'yansa sai dai ta waya. Iska tana shigowa tana tayar masa da tari, malamar asibiti ta yi faɗa har ta gaji.

"Rufe mana, Baba. Ƙirjinka."

"In na rufe, mai zuwa zai ɗauka barci nake ya juya."

Ba mai zuwa. Ta tagata nake hango shi a kujera, talabijin a kashe, fuskarsa tana kallon ƙofa.

Wata safiya na faɗa ɗakinsa babu sallama. "Baba, ara mini gishiri."

Ya yi dariya har da hawaye. "Kin yi garaje. Tsaya a bakin ƙofa ki ja numfashi, bari in jira ki tukuna."

Daga nan na ari ashana, na ari dutsen guga, ran nan har tabaransa, ya ce in dawo da shi kafin ya manta kamannina. Ya koma yana cankar abin da zan nema, kullum yana kuskure.

Safiyar ƙarshe na tsaya, na ja numfashi yadda ya koya mini.

"Baba, ara mini sukari."

Yana kujerarsa, kansa ya karkata, shayinsa ya huce. Na taɓa hannunsa na ji sanyi. A gefen tebur, ta wajen ƙofa, ya ajiye ƙaramin kofi cike da sukari. Yau kam ya canka.

Bayan jana'iza 'ya'yan suka kwashe kaya. Mai gadin gidan ya ture bulon da ƙafa, ƙofar ta rufe da wata ƙara da ban taɓa ji ba. Ya sunkuya ya ɗauka zai jefar.

"Kawo nan, Baba mai gadi," na ce. "A ƙofata zan sa."