Taya ta Huɗu

Motar tana rataye a sama, ba taya ko ɗaya a jikinta, lokacin da mutumin kanta, mai karɓar kuɗi a kamfanin, ya juyo wa Malama fuskar kwamfutarsa. Ta dubi kuɗin da ke ƙasa, ta sake duba.

"Yallaɓai, ba haka na gani a allonku na bakin titi ba."

"Abin da kika gani gaskiya ne, Hajiya, amma kuɗin taya ne zalla," ya ce da murmushin da ya saba yi wa kowa. "Akwai kuɗin ɗaurawa, da daidaita nauyinsu a inji, da saita ƙafa don kada mota ta riƙa ja gefe. Sai kuɗin kwashe tsofaffin."

"Har zubar da su sai na biya?"

"Haka tsarin yake."

Ƙarin ya kusa kai kuɗin taya guda. Abin da ke jakarta kuwa kuɗin taya huɗu ne cif, wanda ta daɗe tana tsakura daga albashinta na koyar da yara, ba tare da mijinta Dogo ya sani ba.

Tun da aka rufe ofishin da Dogo yake aiki, motar nan ce abincinsu. Yau ne kuma karon farko da babban aiki ya faɗo masa: zai ɗauki injiniyoyin wani kamfani bayan la'asar, ya yi doguwar tafiya da su, in sun ji daɗinsa su riƙe shi shekara guda. An gaya masa ba sa jiran direba. Ga damina ta kankama, ga tayoyinsa sun cinye har sun yi sumul kamar tafin hannu. Duk sanda ta yi magana sai ya daki taya da ƙafa ya ce, "Malama, waɗannan sun san hanya, sababbi sai an koya musu." Ita kuwa da ta rufe ido sai ta ga motar tana sulɓewa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta da shi a ciki. Shi ya sa da ya kwanta hutawa bayan azahar ta zare makulli daga aljihun rigarsa, ta nufo kamfanin da suka sayi motar a zamanin da suke da hali. Ba ta son tayoyin gefen titi, na gaske take so masa. Tun daga ƙofa ta ce su sa sababbi huɗu, su yi sauri. Sun kuwa yi saurin.

"To a mayar mini da tsofaffin," ta ce. "Na dawo wani lokaci."

Mutumin kanta ya ɗan sosa ƙeya, ya nuna mata ta gilashin da ya raba ɗakin jira da wajen aiki. A can kusurwa ga tayoyin Dogo uku a jibge, kowacce an tsarge gefenta da wuƙa, ta wage baki.

"Duk tayar da muka cire nan take muke yanka ta, don kada wani ya tsinta ya sayar wa mutane. Doka ce."

Sanyin na'urar ɗakin bai hana gumi tsatso mata a ƙarƙashin mayafi ba. Sai ga waya tana kuka a jaka. Ba sai ta duba ba.

"Malama, ina motar?" Muryarsa da sauran barci a ciki, amma babu wasa.

"Ga ni nan zuwa. Na ɗan fita ne."

"Kin ɗan fita. Yau ɗin? Kin san abin da ke gabana kuwa?"

"Na sani, Dogona. Ka yi wanka ka shirya, yanzu za ka gan ni."

Ta kashe wayar. Ta kira yayarta, waya a kashe. Ta tuna ƙawarta, ta tuna wata bai ƙare ba. Ta tambayi mutumin kanta ko zai yarda ta kawo cikon gobe, ya ce da a hannunsa ne da ya yi, amma injin ba ya buga takardar fita sai an biya duka, mai gadi kuma ba ya buɗe ƙofa sai da takarda.

Tana tsaye ta jingina goshi da gilashin, hawaye sun cika mata ido, sai ta ga makaniken, wani dattijo mai furfura, ya mirgino taya ta huɗu. Tana nan a kan ƙarfenta, da iskarta, ba a taɓa ta ba. Wuƙar tana aljihun ƙirjinsa. A lokacin ne ta tuna safayar taya da ke kwance a but, a bayan motar, tun ranar da aka sayi motar, wadda Dogo bai taɓa saukewa ba, don shi gara ya tura mota wajen mai faci da ya ɓata ta.

Ba ta san sanda ta tura ƙofar da aka rubuta wa ma'aikata kaɗai ba. Ta tsallake jan layin da ke ƙasa, takalminta na santsi a kan maiƙo, ta je ta dafe tayar da hannu biyu.

"Baba, don Allah kada ka taɓa wannan."

Dattijon ya tsaya yana kallonta. "'Yata, nan ba wurin tsayuwarki ba ne. Ga mota a bisa kanki."

"Na gani. Ba zan matsa ba sai ka mayar da hannunka."

Mutumin kanta ya biyo ta da sauri, murmushin ya ɓace. "Hajiya, za ki ja mini magana. Ki fito mu yi magana a waje."

"Mu yi a nan. Uku zan saya. Uku da duk ƙarinku kuɗina zai kai. Ta huɗu ku sauko da safaya ku ɗaura, wannan tsohuwar kuma ta koma but."

"Ba ma ɗaura tayar da ba tamu ba."

"Ta wa ce in ba taku ba? A nan muka sayi motar, daga wancan ɗakin aka miƙo wa mijina makulli. Da safayar a ciki kuka ba mu. Ko kuna sa wa mutane kayan da ku kanku ba ku yarda da su ba?"

Wasu makanikai biyu sun daina aiki suna kallo. Dattijon ya sassauto motar ƙasa kaɗan, ya buɗe but, ya ciro safayar. Ƙura ce kawai a jikinta, ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba. Ya juya ta, ya danna da babban yatsa, ya duba gefenta.

"Girmansu ɗaya, roba ba ta tsage ba," ya ce. "Iska take so. Sai dai a sa ta baya."

Mutumin kanta ya dubi ƙofar ofishin manaja, ya dubi hannayen Malama da suka yi baƙi ƙirin. "Zo ki biya na uku," ya ce a hankali. "Amma ki fita daga ƙarƙashin motar nan tukuna."

Tana gama biya waya ta sake kuka. Wannan karon ba ta da ƙarfin ƙarya. Ta gaya masa inda take, da abin da ta yi, da yadda motar take a rataye.

"Injiniyoyin sun kira ni," ya ce. "Suna harhaɗa kaya." Sai ya kashe.

Daga nan kowace ƙarar injin ɗaure noti a ƙirjinta take bugawa. Hadari ya haɗo, ɗakin ya yi duhu. Ana cikin saita ƙafa ta ji kiran la'asar daga nesa, ta runtse ido. Idan aikin nan ya kuɓuce masa, da wane ido za ta dube shi?

Motar tana taɓa ƙasa babur ya tsaya a bakin ƙofa. Dogo ya sauko da jakarsa a kafaɗa, rigarsa a goge, fuskarsa a murtuke. Bai dube ta ba. Ya zagaya motar, ya tsuguna ya shafa sabuwar taya, ya daɗe hannunsa a kai. Ya buɗe but, ya ga tsohuwar a kwance.

"Wa ya bar wannan?"

"Matarka," in ji dattijon yana goge hannu. "Saura kaɗan ta haɗa ni da ita ta rungume."

Wayar Dogo ta yi ƙara. Ya duba, ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ga ni a hanya. A'a, lafiya lau, taya na tsaya sauyawa saboda ruwa." Ya saurara. "To, madalla. Na gode, ranka ya daɗe."

Ya ajiye wayar, ya miƙo hannu don karɓar makulli, sai idonsa ya sauka a kan tafukanta. Ya ciro farin hankicin da ta goge masa da safe, ya kama hannunta yana sharewa, kansa a sunkuye.

"Cikin duk huɗun, wadda ta fi yawan faci kika ceto," ya ce. "Idan na dawo akwai shari'a tsakaninmu, Malama."

"Ka dawo ɗin tukuna."

Ya bar mata hankicin, ya shiga ya tayar. Mai gadi ya karɓi takarda ya zuge ƙofa daidai lokacin da yayyafi ya soma. Ta tsaya a ƙarƙashin rumfa tana kallon sawun da tayoyin suka zana a kan jiƙaƙƙen siminti, zane mai zurfi da kyau, har ruwa ya shafe shi. Sai a lokacin ta tuna ko kuɗin motar komawa gida ba ta rage ba.