Notin Cikin Ganga

Mai Walda ya ɗauke murfin gangar ya yi jifa da shi, sai da kwanon rufin shagon ya amsa.

"Gemu har ƙirji, amma noti ɗaya ya gagare ka! Kai Auta, hannu ne gare ka ko itace?"

Auta ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke harhaɗa duk abin da yayan ya zana. Wannan karon injin ɓarar masara ne mai ganga, sabon fasali, Mai Walda ya fitar da shi da kansa, ya yanka ƙarafan, ya ce ai haɗawa kamar shan ruwa ne.

"Yaya, ka saurare ni," in ji Auta. "Notin nan ba ya ɗauruwa sai an sa murfi. In an sa murfi kuma, ta ina hannu zai shiga? Ko aljani za mu ɗauka aiki?"

"Ni kake yi wa ba'a? Rago ba ya rasa hujja. In ba za ka iya ba, ga hanya nan."

Auta ya dube shi, ya cire tabarau na walda ya rataye a ƙusa. "To, Allah ya ba ka mai iyawa." Ya fice.

Mai Walda ya naɗe hannun riga yana huci. Ya sa sandar tsakiya, ya kifa murfi, ya miƙa sifana, babu kafar da za ta shiga. Ya kwance, ya fara da noti, murfin ya ƙi zama. Ya juya gangar ta ƙasa, ya ɓarke ɗan yatsa a bakin ƙarfe. Ya zagi gangar, ya zagi wanda ya sayar masa da ƙarfen, har kazar maƙwabta da ta leƙo ta samu nata rabon. Duk ta inda ya ɓullo, abu ɗaya ne: ya zana kowane ƙarfe ya yi kyau a mazauninsa, bai taɓa tambayar kansa wanne zai riga wanne shiga ba. Laifi tudu ne.

Da yatsa a naɗe cikin tsumma ya nufi gidan Auta. Ya tarar da shi a ƙofa yana gyara wa matarsa murhu.

"Tashi mu je. Gangar tana son taga a gefe."

"Gangar ce ta faɗa maka?"

"Kada ka ƙure ni, Auta."

"Ba na ƙure ka, Yaya. Ka dai amsa cewa zanenka ne bai yi ba, in bi ka yanzu."

Mai Walda ya harare shi. Shi da ya goyi yaron nan a baya ne zai amsa laifi a gabansa?

"Ka zauna da murhunka," ya ce.

Ya koma shago shi kaɗai, ya yanka tagar, noti ya ɗauru lafiya lau. Da ya zo ɗora gangar a kan ƙafafunta, aikin mutum biyu ne, babu mai kama masa ɗaya gefen.