Gumaka Biyu a Tagar Alƙibla

Malam Bukar ya rasu ranar Talata a Funtuwa, kwana goma sha ɗaya bayan ya hana a ambaci sunan ɗansa Zainulabideen a gidansa. Zainulabideen yana Alƙahira, a ɗakin haya da ke unguwar Arba wa Nus, aka yi jana'iza.

Shekararsa ta shida ke nan yana karatun kwatanta addinai. Kundinsa a kan furen bado yake, badon da yaran garinsu ke tsinka a kududdufi. Misirawan dā sun ce daga cikinsa abin bautarsu na rana ya fito a farkon halitta. Mabiya Buddha kuma a kansa suke zaunar da malaminsu, don yana tsirowa daga taɓo ya fito fes. Zainulabideen bai sami hujjar cewa wani ya ara daga wani ba. Fure ɗaya dai suka gani yana rufewa da yamma, yana buɗewa da safe.

Malaminsa, Dakta Husam, ya nemi hotuna. Sai ya sayo ƙananan gumaka biyu na roba a kasuwar 'yan yawon buɗe ido, kowanne zaune kan bado, ya jera su a taga don haske. Taga ɗaya ce a ɗakin, kuma alƙibla take fuskanta. La'asar ta yi, ya manta da su, ya kabbara.

Sagiru, abokin zamansa, ya ɗauke shi hoto yana sujada.

"Ya Shehu, wanne ne limamin, na dama ko na hagu?" in ji shi bayan an sallame.

"Goge shi, Sagiru."

"Yalla, haba dai, wasa ne. 'Yan gida kawai na tura wa."

Su arba'in ne a zauren WhatsApp na 'yan Funtuwa. Kafin magariba hoton ya isa masallacin da Malam Bukar ya yi shekara talatin yana limanci.

Zainulabideen ya kira sau tara, ba a ɗauka ba. A na goma yayarsa Hafsatu ta amsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ki ba Baba wayar. Karatu ne, wallahi."

"Zainu, na yarda. Amma goshinka a ƙasa yake, su kuma suna gabanka. Me zan ce wa mutumin da aka nuna wa wannan a sahun farko?"

Sai ya yi wa mahaifinsa saƙon murya na minti bakwai. Ya yi kalmar shahada sau biyu. Ya yi bayanin badon, da tagar, da hasken. Saƙon ya shiga, amma ba a buɗe shi ba. Kullum da safe sai ya duba. Sagiru ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ya rubuta gyara a zauren; mutum uku suka amsa.

Ranar Laraba, bayan rasuwar, Zainulabideen ya ga alamar an saurari saƙon. Wayar ta nuna ranar Talata, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, agogon gida.

Ya sake kiran Hafsatu.

"Ƙarfe nawa ya cika?"

"Da hantsi. Wa ya duba agogo?"

"Wayar tana hannun wa?"

"Ƙarƙashin filonsa take. Amma ɗakin cike yake da mutane."

Gumakan suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Dakta Husam yana jiran hotunan. Hafsatu ta tambayi duk wanda ya shiga ɗakin a safiyar. Har yanzu ba wanda ya ce shi ya buɗe saƙon.