Ɗoɗɗoyar Marigayiya

Asabar ɗin farko ta kowane wata ƙungiyar masu shuka ganyen ƙamshi ke taro a wani aji na makarantar unguwa, kowa da tukunyarsa a kan benci. Wani tsohon direba ya shigo a makare, ya ajiye tasa can baya. Ɗoɗɗoyar da matarsa ta bari ce, wata huɗu da rasuwarta, ga shi ta mutu murus.

Malamar jinya, shugabar ƙungiyar, ta tura yatsa cikin ƙasar, ta ji ta jagab.

"Baba Direba, sau nawa kake ba ta ruwa?"

"Safe, rana da yamma. Gudu nake kar ta ji ƙishi."

"Ai ba lagireton mota ba ce!" in ji wani kafinta. Aka yi dariya, direban kuwa ya sunkuyar da kai. Abin da ya rage masa na hannun matarsa ke nan.

Malamar ta ce, "Kowa ya duba tukunyarsa." A ƙa'idarsu, wanda ya ba wani reshe yakan ɗaura ƙyalle a wuyan tukunyar don a san asalin shukar. Marigayiyar tela ce, ƙyalle mai ɗigo-ɗigo take ɗaurawa. Tukwane biyar masu irin wannan ƙyallen aka turo gabansa, duk daga reshen ɗoɗɗoyarta.

Ya shafa ganyen, ya shinshina yatsunsa, sannan ya ɗago kai.

"Allah ya saka muku da alheri. Ɗaya ta ishe ni."

"Ɗauki biyu, Baba," in ji kafinta. "Mun ga hannunka wajen ban ruwa."