Baƙon da Ya Tare a Kwamfutar Yaya

Matar Yaya ce ta kira Auta da safe, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada bango ya ji.

"Auta, don Allah ki leƙa shagon yayanki. Kwana biyar ke nan ba ya cin abincin kirki. Kwamfutar nan ce ta sa shi a gaba. Amma kada ki ce ni na gaya miki."

Auta ta ba hamsin baya, har da jikoki biyu, amma a gidansu har gobe Auta ce. Shekara talatin ta yi tana aikin sakatariya a ofishin ajiye bayanai na wani asibiti. Ta fara da tafireta mai ƙarar tsiya, ta ƙare da kwamfuta, kuma kafin ta yi ritaya duk wanda na'urarsa ta yi gardama a asibitin, ita yake fara nema kafin ya nemi injiniya. Don haka ko tambayar abin da ya sami kwamfutar ba ta yi ba. Ta jefa tabarau a jaka, ta zura takalmi ta fita.

Yaya kafinta ne, shagonsa yana ƙarshen layi, bayan wurin wankin mota. Tun daga bakin ƙofa ƙamshin katako da warin fenti suka tare ta. Yaya na sunkuye a kan teburin aiki yana goge ƙafar wata kujera, fensir a maƙale a kunne. Can gefe kuma Mai Fenti, abokin aikinsa na shekara ashirin, yana motsa gwangwani da tsinke.

"A'a, yau Auta ce a gari?" in ji Yaya, bai ajiye aikin ba. "Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Wucewa nake na ce bari in gaishe ka."

Ta leƙa ɗan ɗakin da aka keɓe da katako a kusurwar shago, wanda Yaya ke kira ofis. Kwamfutar na kan tebur, an lulluɓe ta da tsohon tawul.

"Yaya, zazzaɓi take yi ne aka rufe ta?"

"Ƙura nake kare mata."

Mai Fenti ya tuntsire da dariya har tsinken ya suɓuce masa cikin gwangwani. "Ƙura! Auta, zauna ki sha labari. Shekaranjiya wani mutum ya zo da matarsa za su zaɓi kujerun falo. Yayanki ya gyara zama, ya ce bari ya nuna musu samfuri. Yana rubuta kujera, sai ga tallar maganin sanƙo ta cika allo. Matar ta dubi allon, ta dubi kan yayanki, ta sake duban allon. Ya yi maza ya rufe, sai ga na rage tumbi. Na ukun kuwa, wallahi ba zan iya faɗa a gabanki ba."

"Kai dai bakinka ba ya ajiye komai," in ji Yaya, yana shafa kansa da babu ko silin gashi a tsakiya. Sai ya ajiye kujerar. "Na kira mai gyara. Ya ce sai an wanke ta tas, a goge komai. Ni kuwa hotunan duk aikin da na yi shekara goma sha biyu suna ciki, da awon kowane gida da na yi wa ƙofa ko kabad. Na ce ya tafi, zan yi tunani."

"To ka gama tunani. Miƙo min kujera."

"Auta, abin da ya gagari mai gyara..."

"Bai gagare shi ba, gajeriyar hanya ya nema. Wanda ɓera ya shiga ɗakinsa ai ba ya rushe gida."

Ta yaye tawul ɗin, ta kakkaɓe garin katako daga madannai, ta saka tabarau. Da ta buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, shafin farko ba wanda ta sani ba ne. Wani baƙon shafin nema ne, tallace-tallace sun kewaye shi kamar ƙuda a kan ɓawon mangwaro. Ta rubuta "kujerar falo" ta danna, amma ba ta kalli tsakiyar allon ba, layin adireshi na sama ta zuba wa ido. Adireshin ya canza sau biyu da kansa kafin ya tsaya. Nan take wani jan akwati ya faɗo yana ƙyafta, wai kwamfutar ta kamu da cuta, a kira wannan lamba yanzu-yanzu.

"Kin gani ko!" Yaya ya nuna da yatsa. "Jiya saura kaɗan in kira."

"Gara da ba ka kira ba. Da ka buɗe wa ɓarawo ƙofa, ka kuma shimfiɗa masa tabarma. Wanda ya kawo cutar shi ne ke tallar maganin."

Ta shiga saitin burauza, ta buɗo jerin ƙananan manhajojin da ke maƙale a jikinta. Ta ce masa ana kiransu ekstenshan, kuma yawancinsu masu amfani ne. Guda uku ta tarar. Ta farko ta fassara ce, ta biyu ta firinta. Ta ukun tana da 'yar alamar tauraro ruwan lemo, sunanta na alkawarin nema cikin sauri.

"Ka san wannan?"

"Ban taɓa ganinta ba."

"Duba izinin da take da shi. Za ta iya karanta duk shafin da ka buɗe, ta kuma canza shi. Ita ce ke tare ka a hanya ta kai ka kasuwar iyayen gidanta."

Ta danna cirewa. Ta mayar da shafin nema na asali, ta gyara shafin farko, ta sake rubuta kujerar falo. Sai ga kujeru reras, babu sanƙo babu tumbi.

Mai Fenti, da ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya buga tafi. "Shi ke nan? Abin da ya hana mu sakat kwana biyar?"

"Riƙe tafinka tukuna," in ji Auta. Ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa. Suka jira, fankar sama na juyawa a kansu. Da ta buɗe burauzar, tauraron nan ruwan lemo na zaune a wurinsa kamar ba a taɓa shi ba.

Yaya ya sauke numfashi. "Na gaya miki. Mayar mata da tawul ɗinta."

Auta ko gezau. Ta sha ganin irin wannan a ofis, har ma ta ji daɗi da ya nuna kansa da wuri. "In ka kori mutum ta ƙofa ya dawo ta taga, to akwai mai buɗe masa daga ciki. Shi za mu nema."

Ta bar burauzar, ta buɗo jerin duk manhajojin da ke kan kwamfutar, ta jera su bisa ranar da aka saka su. Biyu suka hau sama, rana ɗaya, ranar Talatar da ta wuce. Ɗaya ta kallon bidiyo ce. Ɗayar kuma sunanta wasu haruffa ne da ba su da ma'ana, ba a ma rubuta kamfanin da ya yi ta ba.

Ta zare tabarau ta juyo. "Yaya, me ka sauke ranar Talata?"

Yaya ya dubi rufi. Ya dubi Mai Fenti. "Kai, fentin nan naka ba zai bushe a gwangwani ba?"

"Ai ban ma..."

"Je ka duba."

Sai da takun Mai Fenti ya yi nisa, sannan Yaya ya jawo wani ɗan benci ya zauna kusa da ita. Wannan shi ne mutumin da ya riƙe gidansu tun yana saurayi bayan rasuwar mahaifinsu, wanda Auta ba ta taɓa jin ya ce wani abu ya fi ƙarfinsa ba. Yanzu ga shi yana murza fensir a hannu kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

"'Yarki ce ta turo min bidiyo," ya ce. Babbar 'yarsa yake nufi, wadda aiki ya kai ta nesa ita da mijinta. "Yaron ya fara tafiya. Ta ce ya yi nauyi a waya, sai ta turo ta imel. Na danna, ya ƙi buɗewa. Na sake dannawa, ya ƙi. Sai na nemi abin buɗe bidiyo, na ga wani ƙaton maɓalli kore, na danna. Duk abin da ya tambaye ni na ce e."

"Ya buɗe?"

"Ina fa." Ya ajiye fensirin. "Da yamma ta kira tana ta murna, Baba ka gani? Na ce na gani, masha Allah, ya iya tafiya. Auta, jikana na fari, na yi wa uwarsa ƙarya. Tun ranar in ta kira sai in ce ina kan aiki."

Auta ta san yayanta: in ta tausaya masa a fili, tashi zai yi ya koma goge kujera. Sai ta tura masa linzamin kwamfutar.

"Riƙe. Kai ka shigo da su, kai za ka raka su."

"Ni? Kada in ƙara ɓata wani abu."

"Mutumin da ke fitar da ƙusa daga katako ba tare da ya tsaga shi ba? Danna wannan mara sunan kirkin. Yanzu danna cirewa."

Wani akwati ya fito yana magiya, wai da gaske ana so a rabu da shi? A ƙasa ga babban maɓalli kore, ga kuma wani ɗan rubutu toka-toka a gefe da sai an ƙura ido. Hannun Yaya ya nufi koren.

"Tsaya. Karanta tukuna."

Ya matso da fuska, ya bi rubutun da yatsa. "Wannan cewa yake a bar shi." Ya ɗago. "Kai! Ashe ƙaramin ne na korar. 'Yan banza!"

"Haka suka yi maka ranar Talata."

Ya danna ƙaramin da ƙarfi kamar mai buga guduma. Ya cire ta bidiyon ma, wannan karon shi da kansa ya karanta ya zaɓa. Daga nan Auta ta karɓa. Ta sake cire tauraron, ta mayar da burauzar kan saitinta na asali, ta goge wasu shafuka huɗu da aka ba izinin turo sanarwa. Ta sa manhajar tsaro da ta zo da kwamfutar ta bincike ko'ina. Binciken ya ɗauki kusan rabin awa, har Mai Fenti ya kawo musu shayi ya tsaya yana leƙe. An samo ragowar abu ɗaya a ɓoye, aka share shi.

Ta kashe ta kunna. Babu tauraro. Ta sake kashewa ta kunna, don ita ba ta yarda da gwaji ɗaya ba. Babu. Hotunan aikinsa suna nan, awon gidaje yana nan, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ta sa shi ya canza kalmar sirrin imel ɗinsa, ta juya baya har ya gama rubutawa.

"Saura bidiyo," ta ce.

Ta duba wanda ya sauke ranar Talata, sai ta yi dariya. "Yaya, ai rabi ne ya sauka. Intanet ta yanke maka a tsakiya. Ko wace manhaja ka kawo ba za ta buɗe rabin abu ba."

Ta koma imel ɗin ta sake saukewa, suka zuba wa layin ido har ya cika. Dannawa ɗaya ya buɗe.

Daƙiƙa arba'in ne duka. Wani ɗan yaro mai kumatu, sanye da riga kawai, yana dafe da wata 'yar kujerar katako. Muryar uwarsa na cewa zo, zo. Ya saki kujerar, ya yi taku ɗaya, biyu, uku, hannuwa a sama, a na biyar ya zauna daɓas ya ɓarke da dariya.

Yaya ya matso da bencinsa. Ya miƙa hannu ya sake kunnawa da kansa. Mai Fenti, da bakinsa ba ya hutawa, ya kalla sau ɗaya ta saman kafaɗarsu, ya ja ƙafa ya koma wurin gwangwaninsa. A kallo na huɗu Yaya ya tsayar da bidiyon, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon. Sai ya laluba aljihu ya ciro waya.

Auta na tattara jakarta ta ji an ɗauka a can.

"Baba! Yau ka samu sarari?"

"Na samu. Ki yafe min, sai yau na ga bidiyon nan, ranar ban iya buɗewa ba. Gwaggonki ce ta zo ta gyara min." Ya yi gyaran murya. "Taku biyar ya yi, na ƙirga. Amma tsaya, waye ya yi muku kujerar nan da yake dafawa? Ƙafar baya ta hagu rawa take yi. Ku ɗauke ta daga gabansa yau ɗin nan. Ki auna min tsayinsa daga ƙasa zuwa hammata, ki turo min, zan yi masa tasa."