Wandon Keziah

Ƙwan ya fashe daidai kafaɗarta, ruɓaɓɓe, warinsa ya cika ƙofar kanti. Keziah Tuttle ba ta waiwaya ba.

"Orrin!" wani ya ƙwala wa mijinta kira daga rumfar maƙeri. "Yau kai ne da girki ke nan? Mun ga uwargida ta ƙwace maka wando!"

Aka bushe da dariya. Orrin ya sunkuyar da kai yana gyara linzamin doki, kamar ba da shi ake ba.

Tun hunturun da ƙanwarta Asenath ta rasu Keziah ta daina sa doguwar riga. Asenath na dama kunun masara a bakin murhu, wuta ta lashi gefen rigarta. Kafin a raba ta da tulin fatarin da ke jikinta, mai aukuwa ta auku. Da aka dawo daga maƙabarta Keziah ta ɗauki almakashi ta datse rigarta daidai gwiwa, ragowar yadin ta ɗinka wando. Fasto ya yi wa'azi a kanta. Surukarta ta daina cin abincin hannunta.

Duk ta haɗiye, domin tana da inda take hucewa: ƙungiyar matan da ke neman jihar New York ta bar matar aure ta mallaki guminta. Ita ma aka zaɓa ta yi jawabi a zauren gari ranar Asabar.

Ana gobe taron, shugabarsu, Uwargida Lathrop, ta zo da ƙunshi a hammata.

"'Yar'uwa, ga wannan ki sa gobe."

Keziah ta warware. Baƙar riga ce, mai sharar ƙasa.

"Har da ke, Yaya?"

"Ni fa na fara sa wandon nan kafin ke, na kuma cire. Kina magana, su ƙafarki suke kallo. Dokar muke so, ko rigar?"

"Kin san abin da ya kashe Asenath."

"Na sani," in ji Uwargida Lathrop, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na sani. Ki dai sa."

Ta sa. Da Orrin ya gan ta fuskarsa ta washe, har da riƙe mata hannu ta hau keken doki. Wannan ya fi ƙwan yi mata ciwo.

Zauren ya cika maƙil, maza har kan tagogi. Ta tattare rigar da hannu biyu ta hau dandamali. Ba ta gama gaisuwa ba wani dattijo ya miƙe.

"Baiwar Allah, ina mai wandon? Ita muka zo gani."

"Ni ce."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya ɗauki hularsa ya fice. Saura suka bi bayansa suna tsaki.

Keziah ta tsaya har ƙarar takalma ta lafa. Sannan ta fara jawabinta, ga tsirarun matan ƙungiya a layin gaba, ga Orrin can baya yana hamma.